Bayan Aiki na Uku, Ina Magini Yake Tafiya?

A wasan kwamfuta mai suna Civilization VI, wanda ya fito a 2016, akwai wani ɗan taliki da ake kira magini. Aiki uku kacal aka rubuta masa a duniya. Ka tura shi ya share gona, ɗaya ya tafi. Ka sa shi ya haƙa ma'adini, biyu sun tafi. Ka ce ya kafa wa shanu makiyaya, yana gamawa sai ya ɓace daga kan taswira. Babu gawa balle a ce mutuwa ya yi, babu sawu balle a ce gida ya koma. An dai gama da shi, sai ka sayi wani.

Ga wanda bai saba da irin waɗannan wasanni ba, ana kiran su wasannin dabara. Ana ba ka ƙasa ne a ce ka mulke ta: kai ne sarki, kai ne ma'aji, kai ne sarkin noma. Za ka kafa gari, ka tara abinci da itace da zinariya, ka yi ciniki da maƙwabta ko ka kai musu yaƙi. Duk ganuwar da za ka gina da duk rundunar da za ka tara, a wuyan waɗansu ƙananan ma'aikata suke, masu kai da komo a gefen allo ba tare da kowa ya kula da su ba. Waɗansu na dindindin ne, waɗansu kuma na wucin gadi ne kamar maginin nan. A kan na wucin gadin nake son magana.

Ni ɗan Guri ne, can gabashin Haɗeja, inda Jigawa take haɗa kafaɗa da Yobe. Kafin hannuna ya san linzamin kwamfuta ya san lauje. Na yi ƙwadagon yankan shinkafa a gonakin mutane tun ina sakandare, don in haɗa kuɗin takalmi da na littafi, na kuma ga waɗanda suka zo daga nesa suna yi a gonar mahaifina. Sai da karatu ya kai ni Kano na haɗu da waɗannan wasanni a kwamfutar abokin kwanana, na kuma so su ƙwarai, har yau ina buga su. Amma duk sanda magini ya ɓace a gabana sai in ji wani abu ya tsaya mini a wuya, saboda na san aikinsa, na taɓa zama shi. Abin da na sani kuwa shi ne, ranar da aka gama yanka ba ɓacewa na yi ba. Gida na koma da kuɗina a aljihu, da kuma ra'ayina game da mai gonar.

Ya kamata a yi wa masu tsara wasan adalci, domin ruwa ba ya tsami banza. A Civilization V, na 2010, ma'aikaci na dindindin ne. A farkon wasa yana da daraja, amma da zarar an gama gyara filayen gari sai ka tarar da ma'aikata rututu ba su da abin yi, kowane zagaye suna tsaye suna jiran umarni. Yawancin 'yan wasa sai su danna musu maɓallin "yi abin da ka ga dama", su manta da su. A Age of Empires II, na 1999, har maɓalli na musamman aka yi don nemo ma'aikacin da ke zaman banza. Maginin mai aiki uku ya zo ne don ya kashe wannan gajiya. Tunda aikinsa ƙidayayye ne, kuma kowane sabon magini ya fi na baya tsada, dole ka tsaya ka yi tunani: gona zan fara ko ma'adini? Wannan ci gaba ne na gaske. Da Civilization VII ya fito a 2025 ma sai aka cire maginin baki ɗaya: gari yana ƙara jama'a, kai kuma ka nuna filin da za a gyara, sai ka gan shi a gyare.

Akwai wani salon a StarCraft II, na 2010. Can ana kiran wani injin haƙa mai suna MULE ya sauko daga sama, ya kwashi ma'adini da saurin da ya fi na ma'aikaci na kullum, bayan daƙiƙa 64 ya lalace. Wannan bai dame ni ba, domin inji ne, kuma mun san irinsa a fadama. Shi ne injin casar da ake hayowa na yini guda: ya yi kuwwa, ya ci mai, ya gama, a ɗora shi a mota a wuce gari na gaba. Matsalar tana farawa ne idan aka zana mutum, da hannu da ƙafa da murya, sannan aka yi masa hukuncin inji.

Abin da nake gani shi ne, an gyara gajiyar ɗan wasa amma an yar da abin da ya fi daɗi a sha'anin ma'aikacin wucin gadi. Shi mutum ne mai zaɓi. Yana da inda ya fito, yana da lokacin zuwa, yana da farashi, yana kuma tuna yadda aka yi da shi. Duk wanda ya taɓa neman masu yanka a makon da kowa yake nema ya san babu wasan dabarar da ya kai wannan zafi. Fadamar Haɗeja tana da darussa huɗu da za ta ba masu tsara wasa, kuma kafin a fahimce su sai an fahimci ruwanmu.

Ruwan da yake raya mu ba a kanmu yake sauka ba. Kogin Kano da na Challawa ne suke haɗuwa su zama Kogin Haɗeja, ya biyo ta Wudil da Ringim, ya wuce Haɗeja, sannan ya rarrabu cikin ƙasa shimfiɗaɗɗiya ta Kirikasamma da Guri har zuwa Nguru. Cikowa takan iso mu wajen Agusta da Satumba. Idan ta zo daidai, shinkafa ta yi kyau, kifi ya hayayyafa, sannan ruwa ya ja baya ya bar danshin da za a shuka wake da ciyawar da shanun Fulani za su ci da rani. Fili ɗaya, sana'a uku, kowace da watanninta. Dam ɗin Tiga da aka gama a 1974 da na Challawa a 1992 sun sauya wannan tsari. Ruwa ya koma gudana duk shekara a waɗansu hanyoyin, kachalla ta samu wurin zama ta toshe magudanai, wani yanki ya nutse, wani ya bushe. Wata shekarar kuma, kamar 2022, ambaliya ta share gonaki ta bar mutane da hannu biyu. A irin wannan ƙasa babu manomin da zai iya ajiye ma'aikata na dindindin. Wata takwas ba ya bukatar kowa sai 'ya'yansa, mako uku kuma yana bukatar mutum ashirin.

Darasi na farko: ma'aikaci yana da gida. Masu yankan da na sani daga tudu suke gangarowa, daga wajen Birniwa da Maigatari, waɗansu ma daga ƙauyukan Nijar. Sukan zo ne bayan sun girbe geronsu sun kai rumbu. Shekarar da damina ta yi musu kyau kaɗan ne suke zuwa, kuma da izza suke ciniki. Shekarar da fari ya ci gero kuwa sai su cika gari, farashi ya faɗi, ka ga dattijo yana neman aikin yaro. A wasa ana ƙera magini ne a cikin gari kamar yadda ake ƙera garma. Da ni ne, da na sa ƙauyuka a gefen taswira waɗanda ba mallakar kowa ba, kowanne da gonarsa da daminarsa. Daga can ma'aikata za su riƙa fitowa, can kuma za su koma. Kasuwarsu ɗaya ce ga duk 'yan wasa: wanda maƙwabcinka ya ɗauka, kai ka rasa shi. Idan ka ƙona ƙauyen a yaƙi, ka ƙona masu girbinka na baɗi.

Darasi na biyu: lokaci ne yake ƙare aikin wucin gadi, ba ƙidaya ba. Babu ɗan ƙwadagon da ya taɓa cewa saura masa aiki ɗaya. Abin da zai ce shi ne saura kwana biyar ya tafi, don ana bikin ƙanwarsa, ko don aikin tattasai ya buɗe a wani wuri. Shinkafa ma ba ta jira. Idan ta nuna ta wuce kima sai ta fara zuba, ga jan baki yana sauka garke-garke daga cikin kachalla inda yake kwana, ga shanu sun fara matsowa. Kowane yini da ka ƙara, buhu kake asara. A Civilization VI kana iya ajiye magini da aikinsa ɗaya a aljihu shekara ɗari biyar ta lissafin wasan, yana tsaye a fili, ba ci ba sha. Ka ba shi kaka maimakon lamba uku: zai zauna zagaye shida, ko ka ba shi aiki ko ba ka ba shi ba, kuma ladansa yana hawa idan kowa yana nema. Nan take tambayar za ta tashi daga "wane fili?" ta koma "wane fili, yaushe, kuma nawa zan iya biya kafin maƙwabcina ya riga ni?"

Darasi na uku shi ne wanda na fi riƙewa: ma'aikaci yana tunawa. Akwai wata tawagar mutum bakwai da suka yi shekaru suna sauka a zaurenmu duk kaka. Wata shekara hannun mahaifina ya yi ƙasa, wani mai hali kuma ya yi musu tayin da ya fi namu. Jagoransu ya zo bayan sallar isha'i ya zauna a bakin tabarma.

"Malam, an yi mana ƙari a can," in ji shi.

Baba ya ce, "Na ji. Ku je, ba zan riƙe ku a zuci ba. Nema kuka fito."

Sai mutumin ya ce, "Naka za mu fara. Kwana biyu ne. Shi ya jira."

Da suka fita na tambayi Baba dalili. Ya ce shekarar da ɗayansu ya kwanta da zazzaɓi, a ɗakinmu ya yi jinya, kuma ba a cire masa ko kwabo ba. A garin nan kuma akwai wani mai gona da kowa ya san halinsa na "ku dawo gobe" idan an zo karɓar lada. Ba a taɓa kai shi ƙara ba. Kawai dai duk shekara shinkafarsa ce ta ƙarshe a tsaye, tsuntsu yana biki a kanta. Babu wasan dabarar da na buga da yake da wannan, alhali lamba ɗaya ce tak za a ƙara: amanar kowane ɗan wasa a idon kowane ƙauye. Ka biya a kan kari, ka ciyar, ka kare su daga mahara a hanya, amana ta hau, baɗi su zo maka da wuri kuma da rangwame. Ka danne lada don ka sayi dawakin yaƙi, bana ka ci riba, baɗi ka yi yanka kai kaɗai.

Darasi na huɗu: aikin wucin gadi ba iri ɗaya ba ne, kuma mafi yawansa maimaici ne. Muna da aikin yini, inda ake biyan mutum daga safe zuwa azahar, sai ka tsaya a kansa. Muna da jinga, inda ake cinikin gonar gaba ɗaya. Nan sauri ba a magana, amma sai ka bi bayansu ka duba abin da aka zubar. Muna da gayya, wadda ba kuɗi ake biya ba sai abinci, amma bashi ce, ranar da aka kira ka dole ka bar naka ka je. Hanya uku ke nan, kowace da amfaninta da cizonta, kuma duk za su shiga wasa ba tare da wahala ba.

Batun maimaici kuwa, kachalla ce malamarmu. A Civilization VI magini yana share fadama da aiki ɗaya, ka samu abinci, fadamar kuma ta tafi har abada. A wajenmu matasa sukan shiga ruwa har ƙirji da adda da lauje, cikin sauro da matsattsaku, su buɗe hanyar da kwalekwale zai bi, ruwa ya samu mafita. Kafin shekara ta zagayo ta sake rufewa. Ƙarin da aka yi wa wasan a 2019, mai suna Gathering Storm, ya kawo ambaliya mai ɓarna da kuma ƙara wa ƙasa albarka, ya kawo dam mai hana ɓarnar amma yana rage albarkar. Na yaba da wannan, don ya kusa da gaskiyarmu. Abin da ya rage shi ne magudanar da take toshewa idan ba a taru an share ta ba, kuma idan na sama ya yi sakaci na ƙasa ne zai nutse. Wannan kaɗai zai tilasta wa abokan gaba biyu su yi gayya.

Na san abin da za a ce: wasa ne fa, kuma wasa sai da sauƙaƙawa. Gaskiya ne. Mai buga dara ba ya tambayar inda ɗan da aka ci ya tafi. Amma ɗan dara tsinke ne ko dutse, ba a yi masa fuska ba. Sannan abin da nake nema ba zai ƙara wa ɗan wasa danne-danne ba, zai ma rage. Maimakon ka ja magini ɗaya-ɗaya daga fili zuwa fili, sau ɗaya za ka yi ciniki a farkon kaka, ka jera ayyuka, su kuma su bi. Abin da zai ƙaru shi ne nauyin shawarar.

Su kansu masu wasan sun san aiki ba daga iska yake zuwa ba. A Civilization VI, idan ka gina dalar Masar maginanka suna samun ƙarin aiki ɗaya. Idan ka ɗauki manufar Serfdom, wato tsarin da talaka yake ɗaure da gonar ubangidansa, suna samun ƙarin biyu. Mayaƙan Aztek kuwa suna iya mayar da wanda suka ci da yaƙi magini. Tarihi ne, ban ce a ɓoye shi ba, mu ma ƙasarmu ta san gandu da bayi. Abin da ya ɓace shi ne ɗaya ɓangaren: tilas tana da farashi. Bawa yana gudu, talaka yana ƙaura, gari yana yin kango. A wasan, matsi riba ce zalla, babu ranar biya. Yaron da ya shafe awa ɗari yana ganin haka, wani abu yana zauna masa a kai game da masu yi masa aiki, ko da bai sani ba. Wata rana kuwa shi ne zai riƙe littafin biyan leburori.

Kuma yanzu ba baƙi ba ne mu a waɗannan wasanni. A 2021 an sa Hausawa cikin Age of Empires III, da Kano a matsayin babban birni, da mahayan lifidi da maigadi. Sarauniya Amina ta Zazzau tana cikin shugabannin Civilization VII. Na ji daɗin ganin haka. Sai dai abin da aka ɗauka daga wajenmu shi ne sarauta da doki da rawani. Yadda muke tsara aiki, da ci-rani da jinga da gayya, wanda shi ne ainihin dabarar zaman Sahel, yana nan ba a taɓa shi ba.

Da hutun sallar bara na gwada abin a gida, ba tare da kwamfuta ba. Na zana kogi a bayan kwali, na yanka gonaki huɗu, na zuba ƙwallon dabino goma sha biyu a gefe a matsayin masu yanka, wake kuma ya zama kuɗi. Dokokin kaɗan ne: kaka zagaye uku ce, bayanta tsuntsu ya cinye abin da ya rage, kowa yana tayi a fili, ana biya bayan girbi, kuma kana iya ƙin biya, amma ƙwallon da ka hana ba zai dawo maka ba sai ka ninka. Ƙannena uku da ɗan kawuna suka zauna. Ɗan kawun nan ya hana lada a shekarar farko, ya sayi gona ta biyu, yana ta dariya. A shekara ta uku yana da gona biyu da mai yanka ɗaya. Abin da ban sa a doka ba kuma shi ne ya fi burge ni: ƙananan biyu, da suka ga ba za su iya tayi da manya ba, sai suka haɗa kai, yau a yanka na wannan, gobe na wancan. Autarmu ta ɗaga kai ta ce, "Yaya, an yarda a yi haka?" Na ce an yarda. Babu wanda ya koya musu gayya a wasan, matsin ne ya fito da ita.

Akwai matasa a Haɗeja da Dutse da Kano da suke koyon rubuta manhaja, waɗansunsu da burin yin wasa. Shawarata gare su ita ce kada su fara da kwaikwayon maginin wani. Su je fadama a watan Nuwamba su zauna inda ake cinikin jinga, su saurari yadda ake ja, da wanda ake ƙi, da dalilin ƙin. Ga manyan kamfanoni kuma roƙona ƙarami ne. Idan ma'aikaci ya gama aikinsa, a bar shi ya ɗaura ƙunshinsa ya bi hanya har bakin taswira, zuwa wani ƙauye mai suna, da ladansa a hannu. Baɗi idan ruwa ya ja baya, ɗan wasa ya zuba ido a kan hanyar nan ya ga ko zai dawo.